Waƙa tana buɗe kunne, nahawu kuwa sai an zauna

Yanzu duk matashin da ke da waya da ɗan data yana iya kunna waƙar Adele ko Ed Sheeran, kalmominta na bi a rubuce a fuskar wayar, yana rerawa tare da mai ita. Tun da Spotify ya iso Najeriya a 2021, ga kuma YouTube da TikTok, abin ya zama ruwan dare. Har wasu masu koyar da Turanci a intanet sun mayar da shi sana'a, suna cewa a ajiye littafi, waƙa kaɗai ta isa. Ni dai ina tare da su har rabin hanya, daga nan mu rabu.

Ba Bahaushe za a gaya wa amfanin waƙa wajen karatu ba. Nana Asma'u da waƙa ta ilmantar da mata ta hannun 'yan taru. A zaurukan malamai har gobe ana haddace Alfiyya ta Ibn Malik, baitoci kusan 1,000 da suka tattara nahawun Larabci. Ga kuma iyayenmu da yayyenmu da suka kwashi Indiyanci a bakin Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi ba tare da sun taɓa zama gaban malami ba. Abin da ya shiga kai da kari da amo ba ya saurin fita, wannan kowa ya sani.

Ta nan waƙar Turanci take da rana. Babbar matsalar ɗalibinmu ita ce kunne. Ya yi shekara 12 tsakanin firamare da sakandare yana ganin Turanci a allo, amma da Bature ya buɗe baki sai ya ji kamar wani yare ne daban. Dalili kuwa shi ne Hausa da hawa da saukar murya take tafiya, tana ba kowace gaɓa haƙƙinta, shi kuwa Turanci gaɓa ɗaya yake dannawa ya haɗiye saura. Waƙa tana tilasta maka ka danna inda ake dannawa, in ba haka ba kiɗan ya wuce ya bar ka. Wanda ke fama da rarrabe p da f ma, in ya maimaita amshi ɗaya sau da yawa, harshensa zai faɗa. A 1992 wani malamin harshe mai suna Tim Murphey ya wallafa nazarin da ya yi wa waƙoƙin zamani 50, ya ga kalmominsu masu sauƙi ne, ana yawan maimaita su, kuma ana furta su a hankali fiye da maganar yau da kullum. Ga mai fara koyo, wannan garaɓasa ce.

To, amma a nazarin nan akwai abin da masu tallar hanyar ba sa faɗa. Yawancin waƙoƙin zancen ni da ke ne, ba a ambaci wuri ba, ba a ambaci lokaci ba. Mutum zai ƙoshi da kalmomin soyayya da kuka da rabuwa, amma a ce ya rubuta takardar neman aiki ko ya yi wa likita bayanin ciwonsa, sai ido ya raina fata.

Nahawun kuwa ya fi ban tsoro. Ibn Malik ya tsara baitocinsa ne don ya koyar, shi ya sa ba ya sakin ƙa'ida. Mawaƙin zamani abin da ya dame shi shi ne kalma ta zauna daidai kan kiɗa. In ƙa'ida ta tsaya masa a hanya, taka ta yake yi ya wuce: ya kore zance sau biyu a jimla ɗaya, ya yar da harafin s na ƙarshen aikatau, ya cika baki da ain't da gonna. Ba jahilci ba ne, sau da yawa karin Turancin baƙaƙen fatar Amurka ne ko na Jamaika, kuma kowanne yana da nasa tsarin. Sai dai mai duba takardar WAEC ko NECO ba ruwansa da wannan, jan biro zai sa. Ɗalibi kuma in bai samu kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take.

Sai kuma wani ruɗanin namu na gida. Waƙoƙin da yaranmu suka fi ji yau na su Burna Boy ne da Wizkid da Davido, waɗanda galibi Turancin buroka ne gauraye da Yarabanci. Daɗi kam akwai, amma yaron da bai san iyakar buroka da daidaitaccen Turanci ba zai kwashe su duka a matsayin abu guda. Ban ma taɓo zancen batsar da ke cikin wasu waƙoƙin ba, wadda yaro kan rera gaban mahaifiyarsa bai san me yake faɗa ba.

Saboda haka, malaman Turanci, kada ku kori waƙa daga aji, amma ku za ku zaɓa. A ɗauko mai tafiya a hankali, mai tsabtar lafazi, a share wasu kalmomi ɗalibai su cike da kunnensu, sannan a sa su nemo inda mawaƙin ya karya ƙa'ida su gyara masa. Kai kuma ɗalibi, ci gaba da sauraronka, amma duk jimlar da ka tsinta a waƙa ka kai wa malaminka ya duba kafin ka zuba ta a takardar jarrabawa.