Mai Karanta Abin da Ke Gudana Cikin Waya

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin magudanan Bakolori, waɗanda ke shayar da gonakin Maradun da Talata Mafara har Bakura, ya san ruwan da ke tafiya a buɗe ba shi da sirri. Kara ne ko kifi, na bakin gaɓa yana gani, in ya ga dama ma ya sa hannu. Ashe haka saƙo yake a intanet muddin ba a kulle shi ba. Ɗan ƙanwata, wanda ya karanci kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Mafara, shi ya nuna mini ƙiri-ƙiri.

A zaure ya jona wata tsohuwar rauta, ya buɗe mini wani shafi da ya gina da kansa, ya ce in rubuta kalmar sirrin da na ga dama. Na juya masa baya na rubuta "albasa" da wasu lambobi, allon wayata ya nuna ɗigo-ɗigo kawai. Shi kuwa ya buɗe Wireshark, manhajar da Gerald Combs ya fara fitarwa a 1998 da sunan Ethereal. Layuka masu launi suka riƙa kwarara, ni ban ga komai ba sai hayaniya. Ya buga 'yan haruffa, dubban layukan nan suka koma uku. Ya danna na tsakiya, ya ce, "Kawu, ga albasarka."

Jikina ya yi sanyi.

Ya ce kwamfuta ba ta aika saƙo dunƙule. Yanka shi take yi ƙunshi-ƙunshi, kowanne da adireshin mai aikawa da na mai karɓa. A ƙa'ida na'ura nata kaɗai take ɗauka, amma ana iya sa ta kwashe duk abin da ya gifta. Wayifai marar makulli kuwa tamkar shela ce a kasuwa. Sai muka sake gwadawa ta shafin da adireshinsa ya fara da https. Ƙunshin sun zo, ana ganin inda suka nufa, amma cikinsu ya rikiɗe ya zama tarkacen haruffa.

Abin da ya fi burge ni shi ne natsuwarsa. Yadda tsohon manomi ke duban launin ruwa ya gane an toshe hanya a sama, haka yake duban layukan nan ya ce wannan ƙunshi sau uku aka sake aiko shi, akwai waya mai lahani a wani wuri. Ido ne da ba a samunsa sai da zama da haƙuri, kuma ranar da sadarwa ta tsaya a cibiyar jarrabawar JAMB, irinsa ake nema ruwa a jallo.

Matsalar saƙon da ba a kulle ba ta daɗe. A 1995 aka kwashi kalmomin sirri a wata jami'a ta ƙasar Finland, abin da ya sa Tatu Ylönen ya ƙirƙiro SSH don maye gurbin Telnet, mai aika komai tsirara. A 2010 Eric Butler ya saki Firesheep, wadda ta nuna cewa a lokacin na kusa da kai a wayifai ɗaya zai iya faɗawa cikin Facebook ɗinka. Daga 2018 Chrome ya fara yi wa duk shafukan da ba su da kulle tambarin rashin tsaro. Duk da haka tsofaffin rautoci da kyamarorin tsaro masu araha suna nan birjik, wasunsu har yau a buɗe suke karɓar kalmar sirri. Kulle kuma ba ya hana shafin bogi cutar mutum, domin ɓarawo ma yana iya sa wa ƙofarsa kwaɗo.

Kayan aikin ɗan ƙanwata da na ɓarawo ɗaya ne, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta tare saƙon mutane ba izini. Shi ba ya buɗe manhajar nan a shagon kowa sai mai shi ya amince, yana zaune kusa da shi yana kallo. Da la'asar na raka shi wurin wani mai buga takardu. Ya tarar rautar shagon na nan da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. Ya miƙa wa mai shagon kwamfutar ya ce ya rubuta sabuwa mai tsawo, shi kuma ya kawar da kai har mutumin ya gama.