Kwan Fitila da Kunne: Kariya ga Sana'ar Gyaran Amfilifaya Mai Bawul

Duk lokacin da aka tayar da zancen tsohuwar amfilifayar jita mai bawul a tsakanin masu gyaran kayan lantarki, hukuncin da ake yanke mata ba ya canzawa: ta yi nauyi, ta cika zafi, tana shan wuta, kayan gyaranta sun yi wuya, ga kuma sifikar Sin mai caji da za ta cika fili da ƙara a kan kuɗi kaɗan. A Mile 2 Diobu ta Fatakwal wannan hukunci ba a baki yake tsayawa ba, guduma ce ke zartar da shi. 'Yan gwangwan, waɗanda da yawansu 'yan'uwanmu ne da suka sauko daga Arewa neman halali, in irin wannan akwati ya faɗo hannunsu sai su fasa taransifomominsa, su zare jar waya, su ɗora a sikeli. Ban ga laifinsu ba, ba wanda ya taɓa gaya musu abin da suke fasawa. Da masu gyaran da suka sani suka yi shiru nake jayayya.

Tarihin gajere ne. Fleming ya ƙera bawul na farko a Ingila a 1904, De Forest ya ƙara masa waya ta uku a Amurka a 1906, daga nan bawul ya iya ƙara ƙarfin sauti. Taransisto ya fito a 1947, amma bai kori bawul daga dandalin makaɗa da wuri ba. Fender a Amurka, Vox da Marshall a Ingila, duk a kan bawul suka yi suna. Marshall ta farko ma, ta 1962, tsarin Bassman na Fender ta bi. A wannan zamanin ne Rex Lawson, wanda ya rasu a 1971, yake tashe a Fatakwal, kuma jitar hailaif ta Gabas, har zuwa su Oliver De Coque da Prince Nico Mbarga na Anacha, a cikin irin wannan sauti ta tashi. Ragowar kayan wancan lokacin ne suke fitowa yau daga sito na otal da bayan coci, sun yi tsatsa.

Masu kare amfilifaya mai bawul sukan fara da daɗin sautinta. Ni ba a nan hujjata take ba, don kunne kowa da nasa. Abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne, na'ura ce da mutum ɗaya zai iya sanin cikinta tun daga filogi har sifika. In ka kifa ta a kan benci, komai a fili yake: ƙananan bawul irin 12AX7 a gaba suna karɓar raunin muryar jita, manya irin 6L6 ko EL34 a baya suna ba ta ƙarfi, taransifoma biyu, ta wuta da ta sauti, kwandansa da rasisto da ba su wuce a ƙirga su ba, kowanne da ƙafafunsa biyu a liƙe da dalma. Babu wani baƙin ƙwaro mai ƙafa ɗari da za a ce maka ba a buɗe shi. Saboda haka gyaranta bin sawu ne, ba canjin fanel ba.

Kuma a cikin dabarun bin sawun nan babu wadda ta kai ta kwan fitila. Ana samun kwan lantarki na da, mai zare a ciki, na wat 60 ko 100, a tsinka ɗaya daga wayoyin da ke kawo wuta, a saka kwan a tsakani, yadda duk wutar da za ta shiga amfilifaya sai ta ratsa ta cikinsa. Shi ke nan kayan aikin. Hikimar tana cikin zaren: in yana da sanyi yakan bar wuta ta wuce da sauƙi, in ya yi zafi sai ya ƙara tare ta ninki goma ko fiye. To in amfilifaya lafiyarta ƙalau, da ka kunna sai kwan ya yi wal, lokacin da manyan kwandansa ke cika, sannan ya dushe ya koma ja-ja. In kuwa akwai inda waya ta haɗe, sai ya kama fau ya tsaya, ya shanye wutar da da taransifoma za ta ƙona. Fiyus yakan mutu sau ɗaya ya bar ka cikin duhu. Kwan nan kuwa yana kare kayan, yana kuma ba ka labari.

Gwanin gyara ba ya tsayawa a nan. Zai zare bawul duka, ya kunna. In kwan ya haska da ƙarfi alhali babu bawul ko ɗaya, to laifin yana taransifomar wuta ko wayoyin da ke kai bolt 6.3 na ɗumama bawul. In ya dushe, sai ya kashe, ya mayar da bawul mai daidaita wuta, irin GZ34, ya jira. Wannan bawul a hankali yake ɗumi, don haka in kwan ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya fara tashi yana ƙara haske, galibi wani babban kwandansa ne ya lalace. In nan ma lafiya, ya mayar da ƙananan bawul, daga ƙarshe manya. Duk matakin da hasken ya tashi, a nan ciwon yake. Haka mai ɗori yake bin ƙashi da yatsa har ya iso inda majinyaci ya zabura. Kwan LED ba ya wannan aiki sam, shi ya sa mai gyara na gaskiya yake ɓoye tsofaffin kwayayensa a cikin tsumma.

Bayan ido sai kunne. Wutar ƙasar nan sau 50 take juyawa a daƙiƙa, don haka gurnani mai kauri a ƙasa-ƙasa yawanci daga wayoyin ɗumamawa ne ko rashin ƙasa mai kyau. Wanda ya ɗan fi shi kaifi, ninkinsa biyu, na kwandansan tace wuta ne da suka bushe. Ƙara mai kama da suya, rasisto na kabon ne a kan ƙaramin bawul, sau da yawa mai lamba 100k. In ka ƙwanƙwasa bawul da tsinken katako ka ji ƙarar ta fito ta sifika tana amsa kuwwa, cikinsa ya saki. In farantin babban bawul ya yi jawur, a kashe nan take: ko dai ma'aunin da ke riƙe masa linzami ya kauce, ko kwandansan da ke gabansa yana yoyo. Wanda ya sayi sabon bawul ya dasa ba tare da ya gano wannan ba, ya ƙona kuɗinsa ne kawai.

A nan nake rabuwa da masu cewa a sauke littafin gyara daga intanet ya wadatar. Littafin a Kalifoniya aka rubuta shi, bai san Fatakwal ba. A garin da ruwan sama ke haura milimita 2,000 a shekara, allon takarda mai tauri da Fender ta ɗora kayanta a kai yakan sha danshi har ya fara ratsar da wuta da kansa, ka auna kowane kwandansa ka same shi lafiya amma ƙara ba ta daina ba. Baƙar toka da ta addabi garin tun ƙarshen 2016 ita ma kabon ce, in ta kwanta a kan gurbin bawul inda ake da bolt 450, tartsatsi take jawowa. Ga kayan Amurka da aka yi don bolt 120, aka cusa musu 230 ba tare da taransifomar rage wuta ba, ga janareto mai hawa da sauka. Wannan ilimi a benci ake samunsa, a bakin maigida.

Ba na ɓoye haɗarin. Kwandansan nan suna riƙe wutar da za ta kashe mutum ko bayan an zare filogi, dole a sauke ta ta cikin rasisto, a auna da mita, kuma hannu ɗaya ne ke shiga ciki, ɗayan yana aljihu. Ba a kuma kunna ta babu sifika a jone, don taransifomar sauti ce za ta tafi. Amma waɗanda suke kafa hujja da haɗarin don a watsar da sana'ar sun juya maganar. Yaron da ya koyi tsoron bolt 450 ya koyi natsuwa, ya koyi aunawa kafin taɓawa, kuma wannan shi ne abin da ya yi ƙaranci a rumfunan gyaran waya, inda yaro zai shekara biyu yana cire sikirin yana sa sikirin bai san inda wuta ta shiga ta fita ba. Da ni ne maigida, da kan tsohuwar amfilifaya kowane ɗan koyo zai fara, ko da ba zai taɓa ganin jita ba. Abin da ya gane a nan shi zai kai kan inbata da sola.

Batun kayan gyara ma an zuzuta shi. Har yanzu ana ƙera bawul a Sulobakiya da Rasha da Sin, ko da yake ya yi tsada tun 2022. Rasisto da kwandansa kuwa ana samu. Abin da ba ya mayuwa shi ne taransifomar sauti ta asali, wato daidai abin da guduma ke fara nema.

Don haka, 'yan'uwa masu sayen gwangwan a Diobu da Anacha da Inugu: in kuka ga akwati mai nauyi da kwalaben bawul a jere a bayansa, kada ku fasa. Ku kai wa tsohon mai gyaran rediyo ya duba, ku nemi makaɗa su taya. Ko matacciya ce, kuɗinta a haɗe ya fi na jar wayar da ke cikinta.