Saratu Giɗaɗo (Daso) da Sarrafa Harshe a Wasan Kwaikwayon Hausa

Masu nazarin wasan kwaikwayon Hausa sun fi mai da hankali ga rubutattun wasanni, tun daga Six Hausa Plays na 1930 har zuwa Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Mohammed Sada. 'Yan wasa kuwa, balle mata daga cikinsu, ba kasafai akan waiwaye su ba. Wannan maƙala za ta duba aikin marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, domin nuna cewa wannan giɓi asara ce ga nazarin harshe.

Saratu ta fara fitowa a fim ɗin Linzami Da Wuta na kamfanin Sarauniya a shekarar 2000, watau shekara goma bayan Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne mafarin finafinan bidiyo na Kano. Ta ci gaba da wasa har rasuwarta a Kano ranar 9 ga Afrilu, 2024, tana da shekara 56. An fi saninta da fitowa a muguwar kishiya ko masifaffiyar suruka. A garuruwa irin su Ƙaraye da Rogo, inda babu zauren wasa, kaset ne ya kai muryarta har cikin ɗakunan matan aure, su ne kuwa alƙalan da ba a yi musu ƙarya game da zaman kishi.

Ƙarfin wasanta yana cikin bakinta ne. Takan jera habaici da gatse da baƙar magana, ta ja wasali inda raini yake, ta datse jimla inda barazana take, sannan ta rufe da tsaki ko tafa hannu. Waɗannan duka kayan adabin baka ne na mata, irin waɗanda aka gada daga tsakar gida da bakin turmi, da kuma wasan gauta da matan fada kan yi suna kwaikwayon masu sarauta.

A nan ya kamata a lura da wani bambanci. 'Yar wasan Ingila Maggie Smith, wadda ita ma ta rasu a 2024, ta yi suna wajen kaifin harshe, amma kalmomin da take furtawa marubuta ne suka tsara mata su. A yawancin finafinan Hausa na farkon zamanin kaset kuwa, darakta yakan bayyana wa ɗan wasa abin da fitowar ta ƙunsa ne, shi kuma ya nemo kalmomin da kansa. Ashe ke nan kaso mai yawa na abin da Saratu ta faɗa a gaban kyamara ƙirƙirarta ce, sai dai ba a rubuta sunanta a sahun mawallafa ba.

Duk da haka, aikin nata bai rasa aibi ba. Masu shirya fim sun ɗaure ta ga hali ɗaya, har faɗan yakan zarce buƙatar labari. Bugu da ƙari, da wuya a nuna wa mai kallo dalilin muguntar matar da take kwaikwayo, ko tsoron saki ne, ko fargabar gadon 'ya'yanta. Wannan ya sa wasan kan zama abin dariya a inda ya kamata ya sa tunani. Laifin ya fi rataya a wuyan masu tsara labari.

Kaset na lalacewa, faifai na karcewa. Ya kamata sassan koyar da Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato su sa ɗalibai su tattara waɗannan finafinai, su juye maganganunta a rubuce, tun kafin a neme su a rasa.