Tsokaci a Kan Tawada Mai Ruwan Ƙasa: Wacce Ta Dace da Ɗalibin Ilimi?

 

Duk mai zama a zauren karatu bayan sallar Asuba ya lura da wani sabon yayi a wurin ɗalibanmu. Wasu sun ajiye bik sun koma alƙalamin zamani mai shan tawada, kuma launin da suka fi so shi ne ruwan ƙasa, musamman mai jaja-jaja ɗin nan da ƴan kasuwar tawada ke ce wa "mai ɗumi". Kwanan baya wani ɗalibi ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce: "Malam, yayana zai zo daga Faransa, ina so in yi masa saƙon tawada irin ta littattafan kakanninmu. Wacce zan ce ya sayo?" Na ba shi amsa a tsaitsaye, amma maganar ta fi ƙarfin bakin ƙofa, shi ya sa na kawo ta nan.

Tun farko in faɗa, ban ga laifin wannan sha'awa ba. Ruwan ƙasa yana da daɗin kallo, bai cika gajiyar da ido ba, kuma yana da wani amfani babba ga mai karatun zaure. Littattafan da muke ɗauka gaban malam, Ahalari ne ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala, da baƙi aka buga su. In ɗalibi ya rubuta fassarar malam tsakanin layuka da baƙi, bayan shekara biyu sai ya duba da kyau kafin ya raba matani da ta'aliƙi. In da ruwan ƙasa ya rubuta, kallo ɗaya ya isa. Inda nake da magana shi ne dalilin da ake kafawa wajen zaɓe, wato "ta yi kama da ta mutanen da".

Mu duba abin da mutanen da suka yi rubutu da shi. Tawadar allo daban, ta takarda daban. Ta allo zuge ne da ƙaro, baƙin gawayi da danƙo ya riƙe a kan fuskar itace, an yi ta ne don a wanke. Ta takarda kuwa, ɗaya daga cikin sanannun haɗinta shi ne ƴaƴan bagaruwa da kashin maƙera, a jiƙa, a tace, a sa ƙaro. Abin da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi, in ya gamu da ƙarfe sai ya rikiɗe ya yi duhu, ya kama zaren takarda ya zauna daram. Irin wannan tawada da duhu take fara rayuwarta. Iska da shekaru ne ke mayar da ita ruwan ƙasa, kuma in ƙarfen ya yi yawa har cin takardar take yi, ka ga harafi ya zama huda. Wanda ya taɓa ganin tsofaffin rubuce-rubucen da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko waɗanda ke cikin gafakar gidajen malamai a Damagaram da Agadas, ya ga wannan da idonsa. Lallai akwai waɗanda tun asali ruwan ƙasa ne, don haɗin marubuta ya bambanta, amma sau da yawa launin da ke burge mu furfura ce tawadar ta yi.

To ita ta kwalba fa? Galibinta rini ne aka narkar a ruwa. Ba ta da ƙarfen da zai kama takarda, ba ta da gawayin da rana ba ta iya kashewa. Ta ɗauko kamannin tsohuwa tun ranar farko, daga nan kuma sai kodewa in ta sha rana, sai gudu in ta ga ruwa. Kama da wane ba ta wane.

Ba a littafi na karanta wannan ba. Ina da wani kaye da na cika da bayanin gado daga bakin malaminmu, Allah ya jiƙansa. Rabinsa da bik na rubuta, rabi da wata tawada mai ruwan ƙasa da na saya don kyanta. Wata damina soro ya yi yoyo a kan akwatin. Da na buɗe, shafukan bik sun yi kumburi amma ana karantawa. Sauran kuwa kamar an zubar da shayi a kan takarda. Mas'alolin da malam ya warware mana da misalan garinmu, da shanun wane da gonar wane, sun tafi, kuma mai maimaita min su yana ƙasa. Tun daga ranar na daina tambayar tawada kyanta kafin in tambaye ta amanarta.

Ma'auni uku nake auna ta da su yanzu.

Na farko ɗigo. Rubutunmu ba kamar boko ba ne, inda harafi ke tsayawa da siffarsa. A tsakiyar kalma, ba da ta da nun da ya jiki ɗaya gare su, ɗigo ne kawai ke raba su. A rubutun warashi fa ɗigo ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. A ajami kuma ɗigon ƙasa ne ke nuna imala. Masu sha'awar tawada suna yabon wadda ke yin duhu a wani gefen harafi ta yi haske a wani gefen, suna cewa tana da rai. A wurinmu wannan rai yana iya zama aibi, don ɗigon da aka ɗora da sauri yakan fito fayau, in an kai shi fotokofi ko an ɗauke shi da waya cikin hasken fitila sai ya ɓace. Ɗigo ɗaya ya ɓace, ma'ana ta juya.

Na biyu ja. Wannan ne masu tallar tawada ba su sani ba, don ba don mu suka yi ta ba. Al'adar marubutanmu ita ce jikin harafi da duhu, wasali da ja, hamza da rawaya. Ɗalibai da yawa har gobe suna wasalce rubutunsu da jan bik, ko su ja layi a ƙarƙashin kan babi. In tawadar matani ta karkata sosai wajen ja, to ita da wasalin sun zama ƴan gida ɗaya, ido ba ya raba su sai da wahala, balle idon dattijo bayan Magariba. Saboda haka duk yadda "ɗumin" ya ƙaru, haɗarin nan ƙaruwa yake.

Na uku ruwa da takarda. Gumin hannu a watan bazara, danshin alwala da bai gama bushewa ba, yoyon damina, duk suna jiran rubutunka. Sannan kayen da muke saye a kasuwa takardarsa sakayau ce, tawada mai gudu takan nashe a kanta ta ɓulla ta baya.

Yanzu mu ɗora sanannun da ake yawan ambata a kan wannan ma'auni.

Pelikan 4001 Brilliant Brown, ta Jamus, tana zuwa a kwalbar mililita 30 da ta 62.5, kuma tana cikin masu sauƙin kuɗi. Ba ta da gudu, don haka tana zama lafiya a takarda mai araha. Sai dai launinta ya fi kusa da jan bulo, kuma a siririn alƙalami takan yi haske. Ta yi kyau ga kan babi. Ga matanin da za a wasalce da ja, ban ba da shawararta ba.

Diamine Ancient Copper, ta Ingila, ita ce mai sace zuciya. Launin jan ƙarfe ne, ruwan goro-goro, da duhu da haske a harafi ɗaya. In wasiƙa za ka rubuta wa aboki, bismilla. Amma a ma'auninmu na farko da na biyu duka tana da rauni. Kamfanin yana da wata mai suna Chocolate Brown, mai duhu sosai, wadda ta fi dacewa da aikinmu nesa ba kusa ba.

Waterman Absolute Brown, wadda a da ake kira Havana, kwalbar mililita 50 ce. Tana da duhu, tana gudu daidai, tana da sauƙin wankewa daga alƙalami, shi ya sa masu tsofaffin alƙaluma ke amince mata. Jan da ke cikinta ya nutse, ya karkata wajen ruwan hanta, don haka jan wasali yana fita a gefenta. Amma wannan sauƙin wankewar shi ne rauninta a kan takarda: ba ta jure ruwa.

Lie de Thé ta kamfanin Herbin na Faransa, ma'anar sunan shi ne tukar shayi, kuma sunan ya dace. Ruwan ƙasa ne da ya karkata wajen rawaya, ba wajen ja ba, don haka ba ta rigima da wasali ko kaɗan. A ganina ita ce ta fi kama da tsohon rubutu a ido. In ruwa ya taɓa ta takan bar sawun da za a iya bi. Tana son alƙalami mai sakin tawada, in ba haka ba takan yi fari-fari.

Yama-guri, cikin jerin Iroshizuku na kamfanin Pilot na Japan, duhunta ya kusa baƙi, ɗigonta tsaf. Aibinta tsada, kuma tana da gudu, takarda mara kyau ba ta ɗaukarta.

Saura masu jure ruwa da gaske, kuma iri biyu ne. Akwai mai garin launi mai laushi ƙwarai, kamar Document Brown ta De Atramentis, wadda in ta bushe ruwa ba ya ɗaga ta. Akwai kuma mai haɗin ƙarfe, ƴar'uwar tawadar bagaruwa ta zamani, kamar Sepia Black cikin jerin Classic na kamfanin Platinum: kana rubutawa da haske, kana kallo tana yin duhu. Launin saman yana iya gudu a ruwa, amma ƙarfen yana zama a karanta. Waɗannan suna da sharaɗi. Ba a cika alƙalami da su a jefa a aljihu wata guda. A zafinmu da busasshiyar iskar hunturu ruwan cikin alƙalami yana ƙafewa da wuri, abin da ya rage ya toshe hanya. Sai mai rubutu kullum, mai ɗauraye alƙalaminsa da ruwa mai tsabta duk bayan mako biyu ko uku.

A nan in ja kunne, don na ga wanda ya yi. Kada a ɗura tawadar kurtu a alƙalamin zamani. Ƙaro da gawayi suna daskarewa a siririyar hanyar da tawada ke bi, alƙalamin ya mutu. Tawadar kurtu da alƙalamin kara aka san ta, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Hukuncina ke nan a taƙaice. Ga ta'aliƙin yau da kullum a gefen littafi, a nemi ruwan ƙasa mai duhu wanda bai yi ja da yawa ba: Lie de Thé, ko Chocolate Brown, ko Absolute Brown ga mai iya kiyaye littafinsa daga danshi. Ga abin da ake so ya kai ga jikoki, kamar ijaza da silsilar malamai da wasiyya da takardar bashi, a yi amfani da mai jure ruwa, ko da launinta bai kai na waccan daɗi ba. Masu ruwan goro kuwa a bar su ga ado.

Kuma kada wanda ya ɗauki maganata ya rufe ido a kanta, domin tawada ɗaya tana canza fuska daga alƙalami zuwa alƙalami, daga takarda zuwa takarda. Gwajin ba shi da wuya. Ka rubuta layi uku a irin takardar da kake aiki da ita, da haruffa masu yawan ɗigo, ka wasalce da ja. Ka bari ta kwana. Ka ɗiga wa layi ɗaya ruwa. Ka rufe rabin na biyu ka ajiye a taga inda rana ke bugawa har mako biyu. Na uku ka miƙa wa wani dattijo bayan Isha'i ya karanta maka a hasken da yake karatu da shi. In ya karanta bai tsaya ba, ka sayi babbar kwalba.

Shi kuwa ɗalibin da ya yi tambaya, na ce masa ya yi saƙon ƙananan kwalabe biyu, mai daɗin ido ɗaya, mai jure ruwa ɗaya, ya san abin da zai ba kowacce ta riƙe masa. Wanda kuma bai da mai kawo masa daga waje, kada ya damu: baƙin bik ya riƙe min rabin karatun gado a daren da mai kyau ta gudu.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya jiƙan malamanmu da iyayenmu.