Tauraro da Hanya: Sharhi a kan Zaɓen Garuruwa cikin Littattafan Ja-gorar Matafiya

Manufar wannan takarda ita ce duba ma'aunin da littattafan ja-gorar matafiya na Turai suke bi wajen shigar da wani gari su bar wani. Ra'ayinmu shi ne, abin hawan mai karatu da nauyin aljihunsa su ne suke yin zaɓen, darajar garin kuwa daga baya take biyowa.

Mu fara da Karl Baedeker, Bajamushen da ya kafa kamfaninsa na ɗab'i a Koblenz cikin 1827. Littafinsa na farko a wannan fanni a kan kogin Rhine yake, kuma a daidai wannan zamani ne jiragen ruwa masu tururi suka fara jigilar fasinja a kogin. Da layin dogo ya yaɗu, littattafan suka bi shi tasha tasha. Wato garin da jirgi ke tsayawa ya sami shafi, wanda ke bayan dutse kuwa ko ambatonsa da ƙyar. Daga baya aka shiga sa alamar tauraro a gefen abin da aka ce ya cancanci kallo, domin matafiyi mai gaggawa.

Al'amarin ya fi fitowa fili a wajen Michelin. Wannan kamfani na tayar mota ne, ya fitar da littafinsa a Faransa cikin 1900, yana raba shi kyauta ga masu mota, a ciki akwai wuraren sayen fetur da makanikai da masaukai. Bukatar mai taya ita ce a yi tafiya taya ta cinye. A dubi ma'anar da suka ba taurarinsu: uku na nufin wurin ya isa a yi tattaki musamman dominsa, biyu kuwa na nufin ya isa a ratse daga hanya. To, ratse daga wace hanya? A nan ne gizo ke saƙar. Ma'aunin ya riga ya ɗauka cewa akwai babban titi da mai mota yake bi, sauran ƙasa duk gefe ce. Mutumin da aka haifa a wancan gari ba ratse ya yi ba, amma ba da shi ake magana ba.

Roland Barthes, a littafinsa Mythologies na 1957, ya soki Guide Bleu na ƙasar Sifen da cewa ba ya ganin komai sai duwatsu da majami'u da tsofaffin gine-gine, mutanen ƙasar kuwa an mai da su ado. Sukar tana kan hanya, sai dai a ganinmu ta tsaya a kan abin da aka rubuta game da garin da aka riga aka zaɓa. Ba ta tambayi yadda garin ya shigo littafin tun farko ba, alhali nan ne hukuncin ya fi tsanani, domin garin da aka tsallake ba shi da ko jimla ɗaya da mai nazari zai kama ya yi jayayya da ita.

Kada a ɗauka abin wasa ne. A 1942 jiragen yaƙin Jamus sun yi ruwan bama-bamai a kan Exeter da Bath da Norwich da York da Canterbury, garuruwan tarihi na Ingila, har aka laƙaba wa hare-haren sunan Baedeker, saboda wani kakakin gwamnatin Jamus ya ambaci taurarin littafin a matsayin abin da za a bi.

A ƙarnin da muke ciki kuɗi ya shigo a sarari. Hukumar yawon buɗe ido ta jihar Kalifoniya ta biya Michelin dala 600,000 domin littafin 2019 ya game jihar baki ɗaya. Kamfanin yana cewa kuɗin ba ya sayen tauraro, kuma ba mu da hujjar ƙaryata shi. Abin da kuɗin ya saya shi ne zuwan masu duba, garin da ba su taka ba kuwa ba ya cikin lissafi.