Yaƙin 'Yan Salibi: Abin da Wa'azinmu Ke Tsallakewa

Jama'a, mun saurari wa'azi da dama a kan yaƙin 'yan Salibi, kusan duk hanya ɗaya suke bi: Nasara sun zo, Salahuddin Al-Ayyubi ya kore su, sai kabbara. To, shekara 88 da Ƙudus ta yi a hannunsu fa, ina aka baro ta?

Gaskiya ne Fafaroma Urban na Biyu ya yi yekuwar yaƙi a Faransa a 1095, bayan Sarkin Rum ya nemi agaji saboda Turkawan Saljuƙ sun matsa masa. Amma wa ya buɗe musu ƙofa? Ridwan na Halab da Duƙaƙ na Dimashƙa 'yan uba ɗaya ne, amma ba sa ga maciji. Fatimawan Masar kuwa suna can suna ƙwace Ƙudus daga hannun Turkawa a 1098. Shekara na zagayowa birnin ya faɗi, aka yi wa Musulmi da Yahudawa kisan gilla. Alƙali Al-Harawi ya kai kuka Bagadaza, aka sha hawaye, ba a tura runduna ba.

Wannan ba ya daɗin faɗi a kan mumbari, shi ya sa ake tsallake shi. Haka ma ƙarshen labarin. Bayan nasarar Hittin a 1187, ɗan ƙanen Salahuddin ɗin, Al-Kamil, ya miƙa wa Sarki Firedirik Ƙudus ta yarjejeniya a 1229. Sai a 1291 Mamlukawa suka karɓe Akka.

Ɗaliban Islamiyya, in an tsaya muku a Hittin, ku tambaya cikin ladabi: Allah gafarta Malam, sai me ya biyo baya?