A tsara maganar manhaja, kada a toshe mata baki

Duk wanda ya taɓa kunna wata manhaja ta Linux daga tagar umarni ya san abin da ke biyo baya. Tun kafin fuskarta ta gama bayyana, layuka sun fara kwararowa a baƙin allo: gargaɗi kan hoton da aka nema aka rasa, ƙorafi kan salon haruffa da bai samu ba, sai wasu dogayen sunaye masu ɗigo-ɗigo. Mai danna linzami ba ya ganin ko ɗaya daga ciki, shi dai taga ta buɗe masa. Amma manhajar tana ba da rahoton halin da take ciki tun daga daƙiƙar farko, kuma yadda masu gina ta ke tafiyar da wannan rahoto ya sauya ƙwarai tun daga 2012. Sauyin na alheri ne. Abin takaici shi ne ya zo da wata ɗabi'a da ke yaɗuwa, ta ɗaukar kayan aikin da aka ƙera don tsara maganar manhaja a toshe mata baki da su.

Qt, tarin kayan gina manhajoji, shi ne ya fi dacewa a duba, saboda yawan abin da aka gina a kansa. Wasu 'yan ƙasar Norway biyu, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng, su ne suka soma aikinsa a 1991, aka fitar da shi ga jama'a a 1995. A yau shi ke riƙe da tagogi da maɓallan VLC da QGIS da Krita da OBS Studio da Telegram na kwamfuta, da kuma ilahirin teburin Plasma na KDE. Saƙonninsa hawa biyar ne. Akwai qDebug, maganar mai gini da kansa yayin farautar kuskure. qInfo, labarin abin da ke gudana lafiya. qWarning, alamar wani abu ya kauce amma ana iya ci gaba. qCritical, babbar matsala. Sai qFatal, wanda yana gama faɗin abin da zai faɗa yake kashe manhajar.

A zamanin Qt 4 aikin na gargajiya ne. Mai gini ya watsa qDebug a duk inda yake zargi, idan ya gano matsalar ya bi ya goge, ko ya manta ya bar su. Wanda ya so karkatar da saƙonnin zuwa fayil yana iya dasa nasa mai karɓa, amma abu biyu kawai ke isa gare shi: matsayin saƙo da rubutunsa. Daga wane fayil ya fito? Wane sashe na manhajar ne ke kuka? Sai dai a yi hasashe. Kashe surutun kuwa sai a lokacin harhaɗa manhajar, kuma idan aka kashe to an kashe gaba ɗaya.

Qt 5.0, wanda ya fito a Disamba 2012, ya kawo qInstallMessageHandler, mai miƙa kowane saƙo tare da asalinsa: sunan fayil, lambar layi, da aikin da ya furta shi. Ya kuma ba da damar tsara fasalin layin rahoto daga waje ta QT_MESSAGE_PATTERN, ta yadda za a sa sunan fayil a gaba, matsayi a tsakiya, rubutu a ƙarshe, ba tare da an taɓa manhajar ba. Bayan shekara guda Qt 5.2 ya zo da abin da ya fi kome tasiri, wato QLoggingCategory. Yanzu kowane sashe yana da sunan rukuninsa. Na sadarwa daban, na ma'ajiyar bayanai daban, na injin buga takarda daban. Ana kunna ɗaya a bar sauran a kashe ta hanyar dokoki gajeru da ake rubutawa a fayil mai suna qtlogging.ini, ko a saitin QT_LOGGING_RULES kafin a tada manhajar.

Muhimmancin wannan ya wuce saukaka wa mai gini. Makullin ya bar hannunsa ya koma hannun wanda matsalar ke gabansa. A da, idan manhaja ta ƙi aiki a kwamfutar wani, sai an sake harhaɗa masa wata siga ta musamman mai surutu an aika masa. Yanzu layi guda ake ce masa ya rubuta, ya sake kunnawa, ya turo abin da ya fito. Kuma barin waɗannan saƙonni a cikin manhaja kusan kyauta ne, domin idan rukuni a kashe yake, qCDebug, wato qDebug mai rukuni, ba ya ma wahalar haɗa rubutun saƙon. Jama'ar KDE sun kama wannan hanya lokacin da suka fitar da Frameworks 5 a 2014: suka ajiye tsohon kDebug nasu, suka rungumi rukunonin Qt, har suka yi wata ƙaramar manhaja, KDebugSettings, wadda ke jera rukunonin a taga mutum ya zaɓi wanda zai kunna. Ɓangaren GTK, takwaran Qt, ma ba a bar shi a baya ba. GLib ɗin da GTK ke tsaye a kansa, a sigarsa ta 2.50 ta 2016, ya kawo rahoto mai gurabe, inda kowane saƙo ke tafe da bayanansa a rarrabe, yadda kundin systemd zai iya tace su.

Inda intanet ke yankewa kuma wuta ba ta da tabbas, amfanin abin ya ninka. A ɗauka wani matashi a Kano ya gina wa kantin magani a Gusau manhajar lissafin kaya. Ranar da ta ƙi buga rasit, ba zai iya leƙa kwamfutar daga nesa ba, kuma mai kanti ba zai iya bayyana masa fiye da cewa ta tsaya ba. Shaidar da ta rage ita ce fayil ɗin rahoto da za a turo ta WhatsApp. A nan ne ake gane wanda ya san aikinsa. Qt ba ya rubuta fayil da kansa. A Windows, manhaja mai taga tana aika saƙonninta ne ga na'urar binciken kuskure, idan babu ita sun bi iska. Dole mai gini ya dasa mai karɓa da zai rubuta su. Dole ya tabbatar gargaɗi da manyan matsaloli suna sauka a faifai nan take, don idan aka ɗauke wuta layukan ƙarshe su ne mafi daraja kuma su ne farkon ɓacewa. Dole kuma ya yanke wa fayil ɗin iyaka, ya riƙa juya shi, kada ya kumbura har ya gagari aikawa da ɗan datan da ke waya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kayan da suka sa tacewa ta yi sauƙi su ne suka sa rufe baki ya fi sauƙi. Ana samun manhajoji da mai karɓar saƙonsu fanko ne, yana haɗiye duk abin da aka ba shi don allo ya yi tsaf a gaban mai saye. Ana samun masu rubuta doka guda mai tauraro da ke kashe kowane rukuni a kowane mataki. Misalin da ya fi fito da hatsarin shi ne rukunin qt.network.ssl. Shekaru da dama masu amfani da Qt 5 sun sha ganin jerin gargaɗi cewa an kasa samun wasu ayyuka a cikin OpenSSL, galibi saboda sigar da ke kwamfutar ta bambanta da wadda aka gina Qt da ita. Sau da yawa gargaɗin ba ya hana kome, don haka shawarar da ta yaɗu ita ce a kashe gargaɗin rukunin baki ɗaya. Amma ta wannan rukunin ne dai Qt ke sanar da cewa ya kasa tada TLS kwata-kwata, wato babu sauran haɗi mai tsaro. Wanda ya bi shawarar, ranar da manhajarsa ta daina kaiwa ga saba zai tarar da kundi shiru, ya kwana yana zargin kamfanin sadarwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Masu kashewa suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Rahoton da ya cika da hayaniya ba wanda ke karanta shi. Wanda ya saba ganin gargaɗin GTK ɗari a kullum ba zai lura da na ɗari da ɗaya ba, ko da shi ne mai muhimmanci. Wasu masu rarraba Linux, irin su Fedora, sun kashe matakin qDebug a saitinsu na asali saboda kada kundin tsarin ya cika da maganar da ba ta shafi mai amfani ba. Wannan daidai ne, domin mataki na ƙasa suka taɓa, kuma layi guda ke maido da shi. Gargaɗi kuwa wani abu ne daban. Idan Qt ya ce an haɗa sigina da aikin da babu shi, ko an taɓa hoto daga zaren aikin da ba na taga ba, kuskure ne na gaske yake nunawa, wanda zai fashe wata rana a hannun wani. Maganinsa a gyara. Tsarin ma ya tanadi bulala ga mai son horar da kansa: QT_FATAL_WARNINGS na sa manhaja ta faɗi a gargaɗin farko, a daidai wurin da abin ya faru, kuma GLib na da makamancinsa a G_DEBUG. Ƙungiyar da ke gwajinta da wannan saiti a kunne ba za ta tara gargaɗin da zai kai ta ga sha'awar rufe baki ba.

Akwai kuma ɓarna ta ɗaya gefen, ta masu zuba kome da kome a kundi tunda rubutawa ta yi arha. A watan Mayu 2018 Twitter ya roƙi dukkan masu amfani da shi su canza kalmar sirri, bayan ya gano wani kuskure da ke rubuta kalmomin a wani kundi na cikin gida kafin a ɓadda su. A 2019 Facebook ya amsa cewa ya ajiye kalmomin sirri na ɗaruruwan miliyoyin mutane a yanayin da za a iya karantawa, kuma a Satumba 2024 hukumar kare bayanai ta Ireland ta ci Meta, mamallakin Facebook, tarar Yuro miliyan 91 a kan haka. Ƙaramar manhajar kanti ba ta tsira daga wannan ba. Fayil ɗin da za a tura ta waya zai ratsa hannaye da yawa, kuma idan yana ɗauke da sunan mara lafiya da maganin da ya saya, an fallasa shi. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Lambar rasit ta isa a bi sawun matsala. Sunan mutum da lambar wayarsa ba su da gurbi a ciki.

Rubuta mai karɓa nagari bai wuce aikin yini ba, amma yana da ƙa'idoji da ake yawan tsallakewa. Saƙonni na iya iso masa daga zaruruwan aiki da dama a lokaci guda, don haka sai an sa makulli a kan fayil ɗin, in ba haka ba layuka su cakuɗe. Lokacin dasa shi Qt na miƙo wa mai gini tsohon mai karɓa, kuma ya kamata a ci gaba da miƙa masa saƙon don tagar umarni kada ta mutu. Tun Qt 5.4 akwai qFormatLogMessage, wanda ke sa sabon mai karɓa ya mutunta fasalin da aka saita daga waje. Sannan a sigar da ake fitarwa kasuwa Qt na zubar da sunan fayil da lambar layi, sai an ayyana QT_MESSAGELOGCONTEXT lokacin harhaɗawa. Mutane da yawa ba sa gano haka sai ranar da rahoto ya iso musu da gurabe fanko.

Mataki na ƙarshe shi ne mai amfani ya iya kai hannu ga kundin ba tare da ya san inda aka binne shi ba. OBS Studio ya nuna yadda ake yi. A jerin taimako na manhajar akwai wurin duba fayilolin rahoto da maɓallin ɗora na yanzu, wanda ke ba mutum adireshi ya miƙa wa masu taimako, kuma abin da suke fara tambaya ke nan kafin su saurari dogon bayani. QGIS na da nasa allon saƙonni a cikin taga, kowane sashe da shafinsa. Mai gina manhaja da Qt a yau yana da rukunoni da dokoki da fasali a shirye tun daga akwati. Abin da ya rage masa shi ne ya raɗa wa sassan manhajarsa sunaye, ya bar gargaɗi a kunne, ya cire sirrin mutane, ya kuma sa maɓalli guda da mai kanti zai danna fayil ɗin ya fito.